Laƙanin Imel na Hashim Ɗan Gwadabe

Hashim taubashina ne, ɗan Kawu Gwadabe mai turare, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa a nan na riga na faɗa masa ido da ido, wani ma a gaban surukansa. Dama ce da aka ba ni tun ranar sunansa, ban kuwa taɓa yin sakaci da ita ba. A Koki muka tashi, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, kuma katangar ba ta da tsawon da za ta hana ni sanin abin da ake ciki.

Sai na fara da Kawu, don ba a gane Hashim sai an san abin da ubansa ya yi masa. Kawu Gwadabe yana da rumfa a Kasuwar Kurmi, yana kuma da wani haɗin turare da ba a kai amarya a unguwanninmu sai da shi. In zai haɗa, ɗaki yake shiga ya turo ƙofa, ya toshe taga da buhu, ko matarsa ba ta isa ta leƙa ba. In ya gama sai ya ce kada kowa ya taɓa, sai ya kwana. Kullum yana cewa zai ba Hashim laƙanin ranar da ya yi hankali. Hashim ya yi gemu, ya yi aure, aka yi masa haihuwa, amma a wurin Kawu hankalin bai iso ba. Wata safiya Kawu ya sunkuya zai ɗauki buta, ya faɗi, bai tashi ba. Abin da Hashim ya gada shi ne kwando cike da kwalabe, babu wadda aka rubuta wa suna.

Ya gwada haɗawa, kada a ce bai gwada ba. Ni ya fara shafa wa a mayafi. Ranar sauro bai kusance ni ba, haka ma mijina.

Mun yi dariya, amma shi abin ya ci masa rai ƙwarai. Na ji shi da kunnena yana ce wa wani abokinsa a zaure, "Ni dai ba zan tafi in bar ɗana da kwalabe ba. Ko mene ne, sai na samu abin da zan damƙa masa hannu da hannu." Tun daga ranar wannan magana ce take tuƙa Hashim. Mutane suna fita neman abin da za su ci, shi yana fita neman abin da zai bari.

Da turare ya ƙi, ya taɓa dillancin takalma, ya taɓa sayar da agogo, har wani ɗan'uwa ya samo masa aikin masinja a wani ƙaramin kamfanin intanet da ke wajen ganuwa. A lokacin intanet ta wayar tarho take shigowa, da wani kuka kamar an taka wutsiyar mage. Duk wanda ya yi rajista da kamfanin ana ba shi adireshin imel, sai a tura injiniya har gida ya saita masa a kwamfuta. Aikin Hashim ya riƙe wa injiniyan jaka. Amma Hashim yana da ido, wannan kam ba zan hana shi ba. Yana tsaye a baya yana kallo har ya haddace komai.

Bari in faɗi komai ɗin, don kada a zaci wani dutse ya fasa. Ka buɗe manhajar wasiƙa da ke cikin kwamfutar. Ka rubuta sunan mutum da adireshinsa da kalmar sirrinsa. Ka rubuta sunan babbar kwamfutar kamfani, wadda suke kira saba, ɗaya ta shigowar saƙo, ɗaya ta fita. Kowacce tana da lambar ƙofarta, ɗari da goma ta shigowa, ashirin da biyar ta fita. Sai wani ɗan akwati da ake danna wa alama. Iyakarsa ke nan, kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Kamfanin ma ya rubuta shi duka a shafinsa, da Turanci, a wani lungu da babu mai leƙawa.

Da wani ne, cewa zai yi ya koyi ɗan aiki. Hashim cewa ya yi ya samu laƙani.

Da injiniyan ya samu wani aiki ya bar Kano, sai mutanen cikin birni suka ce ai Hashim ma ya isa. Ɗan gida ne, an san ubansa, ana iya barinsa ya shiga har falo ba tare da an kori mata zuwa maƙwabta ba. Nan da nan ya ajiye masinjanci, ya ɗinka babbar riga.

Rigar nan ita ce kayan aikinsa. In ya zo gidanka sai ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya ce kowa ya fita, har mai gidan. Sannan ya zauna gaban kwamfuta, ya ɗaga rigar ya lulluɓe kansa har da allon kwamfutar gaba ɗaya, in ka leƙa ba ka ganin komai sai tudun shadda da ƙafafu biyu a ƙasa. A zafin Kano fa, a ɗakin da sau da yawa ko fanka babu. Zai daɗe a ciki har mai gida ya fara tunanin ko a aika a duba shi, sannan ya fito sharkaf da gumi ya ce a shigo. Sai a ji ƙarar saƙo ya faɗo, mai gida ya ce masha Allah, a kawo wa Hashim ruwan sanyi.

Wanda ba ɗan birni ba zai yi mamakin yadda manyan 'yan kasuwa, mutanen da ba a cutarsu ko a awon barkono, suka yarda da wannan. Ai su ne ma suka fi kowa yarda. Marini ba ya gaya maka abin da ya zuba a rijiyar rininsa, majemi ba ya gaya maka yadda ya sa fata ta yi laushi, kowa a Kurmi yana da ɗakin da yake turo ƙofa. Tambayar mai sana'a yadda ya yi aikinsa, a wurinmu rashin kunya ne. Da Hashim ya yi saitin a fili kowa na kallo, da sun raina shi, sun raina imel ɗin ma. Da ya sa rigar sai suka gane cewa nasu ne.

Shekarun nan Hashim ya sha daɗi. Injiniya ake ce masa, shi da bai taɓa kwance ko rediyo ba. A walima ana ja shi zuwa dardumar gaba. In ya yi tafiya, duk wanda kwamfutarsa ta samu matsala sai ya zauna jiran dawowarsa. Har wata sabuwar tafiya ya koya, a hankali, hannu a baya. In na gamu da shi a lungu sai in ce, "Injiniya, yau wa za a lulluɓe?"

Ya ce, "Hajo, ke dai ki riƙe allinki. Wannan ya fi ƙarfin malamar firamare."

Biyu daga cikin 'ya'yansa ne suka shigo wannan labari. Nazeer, wanda aka yi duk tanadin nan dominsa, yaron kirki ne da bai taɓa tambayar ubansa komai ba sai mukullin babur. Yayarsa Rukayya kuwa tun tana ƙarama take bin kwamfuta da ido, har ta je kwaleji ta karanta ta. Wata rana da hantsi ina gidan, ta zo ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, ka riƙa tafiya da ni in za ka saiti mana. Ko jakar ce in riƙe maka."

Ya dube ta da fara'a, don yana sonta, wannan ma ba zan hana shi ba. Ya ce, "Rukayya, abin gida ba a ba 'ya mace. Gobe a ɗauke ki, ki kai shi gidan wasu. Na Nazeer ne, in ya yi hankali."

Na ce, "Hashim, ka ji bakinka kuwa? Muryar wa ke nan?"

Ya ce, "Ni ba irin Baba ba ne. Ni zan bayar."

Rukayya ta ce to, ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta sake roƙonsa ba.

Sai waya ta shiga hannun kowa. Mai kayan miya ma a waya yake karɓar saƙo, babu riga, babu wanke hannu. Mutanen Hashim suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, aka bar shi da tsirarun dattawa waɗanda suka buga tsohon adireshinsu a kati tun tuni, suke ganin canza shi kamar canza rumfa ne. Babbansu shi ne Alhaji Sule na Yakasai, mai jakunkuna da takalman fata, wanda masu sayen kayansa na ƙasashen waje ba su san shi da wani adireshi ba sai wannan. Shi a ganinsa abin da ke shiga aljihu ba wurin ajiye maganar kasuwa ba ne. Kwamfutarsa tana falo, an rufe ta da ƙyalle mai ado. Wata rana wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona wani abu, wata rana jikoki su danna abin da ba su sani ba, a kai ta gyara a goge komai. Saboda haka Hashim bai rasa wurin sa riga ba.

Ana nan sai kamfanin ya canza ƙofofinsa. Ya rufe tsofaffin lambobin, ya buɗe sababbi masu tsaro, ya sanar a shafin nan da babu mai leƙawa. Hashim kuwa tun da ya ɗinka riga bai sake tambayar kowa komai ba. Saƙo ya tsaya cak a gidan Alhaji Sule, aka aiko masa da safe.

Ya je, ya wanke hannu, ya shiga. Ya sa ɗari da goma, ya sa ashirin da biyar, shiru. Ya goge ya sake, shiru. Da zafi ya ishe shi ya fito, Alhaji yana tsaye a ƙofa yana jiran ƙarar da bai ji ba. Hashim ya laluba cikinsa bai samu abin faɗa ba, sai bakinsa ya ɗauko na ubansa.

"Sai ya kwana, Alhaji. Kada kowa ya taɓa."

Alhaji ya gyaɗa kai. Duk mutumin Kurmi ya san akwai abubuwan da sai sun kwana, fata ma a ruwan bagaruwa kwana take yi.

Hashim ya dawo gida ya ture kwanon abincin rana. Rukayya ta dube shi, ta tambayi inda ya je, ta ɗauki wayarta ta yi 'yan danne-danne. Bayan la'asar sai ga ta a gidana da mayafi. Ta ce, "Gwaggo, raka ni Yakasai mu gaida Hajiya 'Yardada." Hajiya 'Yardada ita ce uwargidan Alhaji Sule, kuma ban san ranar da Rukayya ta fara kewarta ba. Amma na ɗauki mayafina, don ni ba a kira na kallo in ƙi.

Alhaji yana kasuwa. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida, aka kawo zoɓo. Rukayya ta nemi izinin ganin kwamfutar. Kafin in kai rabin kofi ta canza lambobi biyu, ta danna wata alama, saƙonni suka fara zubowa. Ta kashe, ta mayar da ƙyallen yadda yake, ta ce, "Hajiya, don Allah kada Baba ya ji."

Washegari Alhaji ya kunna ya ga komai ya dawo, ya aika a kira Hashim. Hashim ya tafi yana jan ƙafa, ya shirya wa kunya, sai ya tarar da yabo. Da ya dawo gidana ya fara shigowa. Ya zauna a kan turmi, ya ce a hankali, "Hajo, ashe da gaske ne. Ashe abin da Baba yake nufi ke nan. Abu yana son kwana." Idonsa har ya kawo ruwa. A rayuwata ban taɓa samun abin tsokana mai daɗin wannan ba, ga shi kuma ba halin in taɓa.

Daga nan kwana ya shiga cikin laƙani. Sauran gidajen ma haka aka bi su. Hashim ya je da safe da riga, mu mu je da yamma da mayafi. Na gaida matan da ban taɓa sani ba, na sha zoɓo da kunun aya a Yakasai da Koki har na san gidan da ake rowar sukari. Matan duk sun sani, abin da mata suka sani kuwa ba ya wuce cin tuwo bai kai kunnen maza ba. Amma babu wanda ya gaya wa Hashim. A cikin birni rufa wa mutum asiri abin lada ne, in kuma asirin yana da ban dariya an fi jin daɗin rufa shi. Har tambayarsa suke yi da fuska a ɗaure, "Injiniya, wannan kwana nawa zai yi?" Shi kuma ya shafa gemu ya ce, "Ɗaya ya isa, in dai ba a taɓa ba."

Haka aka yi shekaru. Rukayya ta yi aure da wani malamin makaranta da ta zaɓa da kanta, suka koma Zariya, ta samu aiki a can. Da farko ba a ji rashinta ba, don kwamfutocin sun yi lafiya wata da watanni.

Hashim ne bai yi lafiya ba. Yanar ido ta fara rufe masa gani, likita kuma ya ce jininsa ya hau. Daga nan duk lokacin da ya sunkuya ɗaukar buta sai ya tsaya ya dafa bango. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ba na mutuwa ba, na tafiya da abu a baki. Dare ɗaya ya yanke cewa Nazeer ya yi hankali. Ni dai ban ga wata alama a jikin yaron ba, in ban da maganar likita.

A daidai nan tsohuwar kwamfutar Alhaji Sule ta mutu mutuwar da ba gyara, ya sayo sabuwa. Hashim ya je ya same shi, ya ce wannan karon Nazeer ne zai yi saitin, kuma yana son shaidu. Ya gayyaci dattawan Kurmi, ya sayo goro da dabino.

Na kira Rukayya a waya. Na ce, "Ki zo. In ba za ki iya ba, ki kira ƙaninki ki gaya masa lambobin kafin a ji kunya."

Ta ce, "Gwaggo, shi aka zaɓa. A bar shi ya yi aiki da abin da aka ba shi."

"Ubanki ne fa."

"Na sani. Shi ya sa na yi shekaru ina shiga gidajen mutane kamar ɓarauniya. Ranar Asabar zan zo, ba kafin nan ba."

Na so in yi mata faɗa, sai na ajiye wayar, don gaskiyarta ta fi tawa.

Ranar taron ina bayan labule tare da Hajiya 'Yardada, muna leƙe. Uba da ɗa suka wanke hannu, suka shiga riga ɗaya, tudu biyu, ƙafafu huɗu. Muna jin raɗa tana fitowa daga cikin shadda. Can sai Hashim ya zame ya fito, ya bar Nazeer a ciki shi kaɗai. Tun muna yara ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ta yi haske kamar ta wanda ya sauke buhu daga kai. Ya fita wurin dattawa ya ce, "Alhamdu lillahi, na ba da amana. Ku shaida." Aka shafa fatiha, aka raba dabino. Nazeer ya fito yana share gumi, hannu ɗaya ya riga ya kai aljihun wayarsa. Ya ce, yadda aka koya masa, "Sai ya kwana." Dattawa suka ce masha Allah, babu wanda ya yarda ya dubi ɗan'uwansa.

Hajiya 'Yardada ta raɗa min, "Hajo, yaushe za ku zo gaisuwa?"

Na ce, "Mai gaisuwar tana Zariya."

Ta riƙe haɓa ta yi salati.

Ya kwana. Da safe aka kunna, babu komai. Hashim ya ce Nazeer ne ya yi gaggawa, ya shiga rigar da kansa, hancinsa yana goga allo don ya ga haruffa. Ya sake kwana, babu komai. Hashim ya ce jikoki ne suka taɓa, a kulle falon a ba shi mukulli. Aka kulle aka ba shi. Alhaji kuwa yana jiran saƙon wani mai saye da zai faɗi kalar fatar da yake so, masu aikinsa suna zaune suna kallon juna. Alhaji Sule mutum ne mai haƙuri da kawaici, amma ɗan kasuwa ne.

Da aka sake buɗe falon aka kunna aka ji shiru, dattawan nan suna wurin, don kullum sai sun biyo kafin su wuce kasuwa, ba don su taimaka ba. Alhaji ya gyara murya ya ce, "Malam Hashim, mu daina wahalar da juna. Yaushe Rukayya za ta shigo gari?"

Hashim ya ce, "Rukayya? Me ya kawo Rukayya a nan, Alhaji?"

Wannan ya duƙufa kan carbinsa, wancan ya ga wani abu a takalminsa. Hashim ya bi su da ɗan idon da ya rage masa, yana neman mutum ɗaya da zai taya shi mamaki, bai samu ba. Ya juya ga ɗansa.

Nazeer ya ce, "Ni na zaci kai ma ka sani, Baba. Na zaci haka tsarin yake, kai da safe, Yaya da yamma."

Hashim ya cire rigar, ya naɗe ta a hannu, ya ajiye mukullin a kan tebur, ya yi sallama ya fita.

Da na koma gida na tarar da shi a tsakar gidana. Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ranar da ya fara kwana."

"Har da ke?"

"Ni ce mai rakiya."

Na gyara tsayuwa ina jiran faɗa, wallahi so nake ya yi faɗan, don na san yadda ake amsa wannan. Bai yi ba. Ya ce, "Lambobin da na ba yaron nan fa?"

Na ce, "Sun daɗe da mutuwa, Hashim."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To kwalabe na ba shi ke nan."

Ranar Asabar Rukayya ta iso. Na bi ta gidan, na shirya har da gefen mayafin da zan share hawaye, don na ɗauka yau uba zai nemi gafarar 'yarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce, "Na ji abin da kika yi. Allah ya yi miki albarka." Na fara matsar ido. Sai ya ce, "Yanzu ki ja ƙaninki ɗaki, ku biyu, ki ba shi sababbin. Mijinki dai bai sani ba ko?"

Ji na yi kamar in ɗauko muciya in kwaɗa masa. Rukayya ta dube shi ta ce, "To, Baba."

Ta sa Nazeer a gaba muka tafi Yakasai, da rana tsaka, Alhaji yana gida. Ta ce kada kowa ya fita. Ta zauna ta yi saitin tana faɗar kowane abu da ƙarfi, jikoki sun kewaye ta, har mai gadi ya leƙo. Saƙonni suka zubo, da na mai sayen fata a ciki. Sannan ta nemi kwali da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ta rubuta sunayen saba da lambobin ƙofa da manyan haruffa. Ta ce ita Zariya ta yi mata nisa, ba za ta iya zuwa gaisuwa kullum ba. Alhaji ya sa aka kafa kwalin da ƙusa a zaure, don sauran dattawan su aiko a kwafa.

Da muka dawo ta ce, "Baba, na koya wa Nazeer kamar yadda ka ce. Shi da kowa." Da yamma ta hau mota ta koma.

Nazeer yanzu yana kasuwar waya yana liƙa wa wayoyi gilashi, hankalinsa kwance. Hashim kuwa babu mai aiko masa. Ana dai ce masa Injiniya har yau, irin yadda ake ce wa wanda bai taɓa zuwa Makka ba Alhaji. Ya daina bi ta Yakasai, in hanya ta kama sai ya zagaya.

Amma ba a zagaye zumunci har abada. Aka yi haihuwa a gidan Alhaji Sule, dole ya je suna. Ina shigowa na same shi a zaure, tsaye gaban kwalin, ya kafa masa hanci. Mutane suna ta shiga da fita, yara suna guje-guje, wani saurayi ya jingina da bangon yana cin waina. Kwalin har ya fara dusashewa, an daɗe da daina kallonsa.

Ya ji muryata ya ce, "Hajo, me aka rubuta a nan?"

Na ce, "Ka san abin da aka rubuta."

"Karanta min."

Na karanta masa da muryar da na yi shekaru ina koyar da 'yan aji ɗaya. "Ƙofar shigowa, tara, tara, biyar. Ƙofar fita, huɗu, shida, biyar." Sai na ga leɓensa yana motsi, yana bina a hankali, yana maimaitawa don ya zauna masa. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da na bari ya kama ni, don ba haka muka saba ba. Na ci gaba zuwa layi na gaba.

Ya matso kusa da ni, ya waiga hagu da dama, ya ce, "Rage murya mana, Hajo. Mutane na ji."